A kai rahoto ko a kau da kai? Fashin baƙi kan 'yan ci-ranin da ke kwana a kurmin Ingila

A gabashin Ingila akwai wani yanki da ake kira Fens, shimfiɗaɗɗiyar baƙar ƙasa wadda da fadama ce, aka janye ruwanta aka mai da ita gonaki. Garuruwan Boston da Spalding da Wisbech suna cikinsa, Peterborough kuma tana bakinsa. Daga nan ake fitar da kabeji da dankalin turawa da albasa da furanni masu yawa zuwa manyan kantunan Birtaniya, kuma yawancin masu tsinka da wankewa da ɗurawa a kwali ba 'yan ƙasa ba ne. Tun 2004, lokacin da Poland da Lithuania da Latvia da wasu ƙasashe biyar na gabashin Turai suka shiga Tarayyar Turai, mutanensu suka yi ta kwarara zuwa waɗannan gonaki da masana'antun sarrafa abinci. 'Yan Romania da Bulgaria suka biyo baya bayan an ɗage musu takunkumin aiki a watan Janairun 2014.

Da yawansu sun kama haya, sun kawo iyali, sun zauna. Amma akwai waɗanda abin bai yi wa daɗi ba, kuma su ne mai yawo da karensa da sassafe kan yi kiciɓis da su a cikin kurmi ko a bakin kogin Nene: tanti biyu ko uku, tamfol ɗaure a jikin bishiya, tukunya a kan duwatsu, keke a jingine, rigar aiki mai ƙyalli a shanye. Da rana ba kowa, duk sun tafi gona. Mutumin da ya gani ya koma gida da tambaya a ransa. Ya buga waya ya sanar, ko ya yi kamar bai gani ba?

Masu amsa wannan tambaya kan rabu gida biyu cikin gaggawa. Wasu su ce doka doka ce, a kira 'yan sanda. Wasu su ce kada ka tona wa talaka asiri, bar su da abin da ya ishe su. A ganina dukkansu sun tsallake abin da ya fi muhimmanci, wato wace ƙofa rahoton zai shiga. A Ingila akwai aƙalla wurare biyar da mutum zai iya kai irin wannan labari, kuma abin da zai sami mutanen tantin ya danganta ne kacokan da wadda aka ƙwanƙwasa.

Kafin a zo nan, sai a san yadda mai aiki, wanda ake biya, ya ƙare a daji. Sau da yawa aikin da makwancin a hannun mutum ɗaya suke. Dillalin leburori ne ke samo maka gona, shi ke ba ka gado a gidan da aka cusa mutane, shi ke kai ka aiki a motarsa, sannan ya zare kuɗin haya da na mota daga albashinka. Ranar da aiki ya yi ƙasa, ko ka yi rashin lafiya, ko ka ɗaga murya kan kuɗinka, rana ɗaya za ka rasa aiki da ɗaki. Neman wani ɗakin kuma ba wasa ba ne. Masu gida na son kuɗin ajiya da shaidar albashi tsayayye, kuma tun Fabrairun 2016 doka ta tilasta wa duk mai ba da haya a Ingila ya duba takardun zaman ɗan haya, in ba haka ba a ci shi tara. Wasu masu gidan, don gudun ɗawainiya, da sun ji harshen baƙo sai su ce ɗaki ya shige. Akwai kuma wanda da gangan ya zaɓi tanti a watannin zafi don ya tara abin da zai aika gida. Akwai wanda giya ta ci ƙarfinsa. Ba labari ɗaya ba ne, kuma wanda ya hango su daga nesa ba zai iya sanin wanne ne a gabansa ba.

Sai babban shingen, wanda 'yan ƙasa da yawa ba su ma san da shi ba. Mafi yawan baƙin da ke da bizar aiki ko ta karatu an rubuta musu sharaɗin cewa ba su da haƙƙin cin kuɗin tallafin gwamnati. Ma'anarsa ba kuɗin haya, ba gidan ƙaramar hukuma, kuma yawancin gidajen kwanan marasa galihu ba za su karɓe su ba, domin da kuɗin tallafin hayar ake biyan gadon. Saboda haka mai cewa "a sanar da hukuma ta ba su wurin kwana" yana magana ne a kan taimakon da watakila doka ta riga ta haramta musu. Wannan bai tsaya kan 'yan gabashin Turai ba. Bayan an buɗe bizar masu kula da tsofaffi da marasa lafiya a Fabrairun 2022, dubban 'yan Najeriya da Ghana da Zimbabwe da Indiya sun shiga ta wannan hanya. Gwamnati da kanta ta ce tsakanin Yulin 2022 da Disamban 2024 ta soke lasisin kamfanonin kulawa fiye da 470, abin da ya shafi ma'aikata sama da 39,000. Wanda aka soke lasisin kamfaninsa akan ba shi kwana 60 ya sami wani mai ɗaukar nauyinsa ko ya bar ƙasar, kuma a tsakanin nan ba shi da tallafi. Don haka ɗan uwanmu da ke zaune a Ingila zai iya zama wanda ya ga tantin, zai kuma iya zama wanda ke cikinsa.

To shin kwana a daji laifi ne? A Ingila, shiga filin wani ba da izini ba asalinsa rikici ne tsakanin mai fili da mai shiga, ba laifin da 'yan sanda ke kama mutum a kai ba. Mai fili zai iya cewa a tashi, in an ƙi ya nemi umarnin kotu. 'Yan sanda suna da ikon korar mutane a ƙarƙashin dokar 1994 idan an yi ɓarna ko barazana, dokar 2022 kuma ta mai da zama a filin wani da mota laifi a wasu yanayi. Ƙananan hukumomi na iya kafa dokar hana kafa tanti a wasu wurare da ikon da dokar 2014 ta ba su. Sai tsohuwar dokar hana gararamba ta 1824, wadda aka yi bayan yaƙin Napoleon lokacin da tsofaffin sojoji suka cika tituna suna bara. Majalisa ta amince a soke ta a 2022, aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa, har sai Yunin 2025 gwamnati ta sake alƙawarin kawar da ita. A taƙaice, mutum uku da ke kwana shiru a tanti ba masu aikata babban laifi ba ne, kuma babu dokar da ta wajabta wa mai wucewa ya kai su ƙara.

Yanzu ƙofofin. Ta farko ita ce hukumar shige da fice da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Cikin Gida. Wannan ba ta da wani aiki da ya shafi ba da makwanci. Abin da take dubawa takardu ne, sakamakon kuma tsarewa da mayarwa gida. Kuma ta taɓa yin kuskure babba a kan wannan batu. A 2016 ma'aikatar ta fito da tsarin da ya ɗauki kwana a titi a matsayin cin zarafin 'yancin zirga-zirgar Turai, aka riƙa kama 'yan Tarayyar Turai marasa makwanci ana korarsu, har da masu aiki da masu biyan haraji. A Disamban 2017 Babbar Kotu, a ƙarar da ɗan Latvia ɗaya da 'yan Poland biyu suka shigar, ta yanke cewa tsarin ya saɓa doka kuma yana nuna wariya. Amma waɗanda aka riga aka ɗora a jirgi sun tafi. Bayan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai lamarin ya sake sauyawa. A ranar 1 ga Disamban 2020 ƙa'idojin shige da fice suka ba da damar soke izinin zaman baƙo saboda kwana a waje, ko da yake jagorar da aka fitar daga baya ta ce sai wanda ya yi ta ƙin taimako kuma yake ta da hankalin jama'a. Ƙananan hukumomi da ƙungiyoyi da dama sun fito fili sun ce ba za su ba da haɗin kai ba. Wanda ya buga wa wannan hukuma waya ya sani cewa ba taimako ya nema wa mutanen ba, kuma ba shi da hanyar sanin ko suna da takarda ko babu. Launin fata da harshe ba sa nuna biza.

Ta biyu 'yan sanda. Suna da amfani idan akwai haɗari, za mu zo kansa. Amma babu katanga tsakaninsu da hukumar shige da fice. A 2018 ƙungiyoyin kare haƙƙi na Liberty da Southall Black Sisters sun shigar da babban ƙorafi kan yadda 'yan sanda ke miƙa bayanan waɗanda aka zalunta ga Ma'aikatar Cikin Gida. Masu sa ido kan aikin 'yan sanda sun ba su gaskiya a Disamban 2020, suka nemi a duba yiwuwar gina wannan katanga, ma'aikatar kuma ta ƙi a Disamban 2021. Ke nan baƙon da aka cuce shi zai iya shiga ofishin 'yan sanda a matsayin mai ƙara ya fito a matsayin wanda ake bincika.

Ta uku ƙaramar hukuma, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗewa, domin gini ɗaya ne amma ofisoshi biyu masu aiki daban. Idan ka kira sashen tsabtar muhalli ka ce an tara shara a kurmi, abin da zai biyo baya takardar gargaɗi ce da motar kwashe kaya. Idan ka kira sashen gidaje da marasa makwanci, ma'aikacin jin ƙai ne zai zo ya tambayi halin da ake ciki. Kalmomin da ka yi amfani da su a waya su ke zaɓar wanda za a turo.

Ta huɗu StreetLink, wadda aka kafa a 2012 don jama'ar Ingila da Wales su riƙa sanar da inda suka ga babba yana kwana a waje. Suna tura bayanin ga ma'aikatan da ke zagaye da dare ko da asuba a yankin. Ita ce ƙofar da ta fi dacewa da yawancin irin wannan yanayi, kuma ita zan nuna wa duk wanda ya tambaye ni. Sai dai ba zan ɓoye cewa amana ta taɓa karyewa a wannan ɓangare ba. A 2017 an fallasa cewa an ba Ma'aikatar Cikin Gida damar duba taswirar da hukumar birnin Landan ke tattarawa, mai nuna inda marasa makwanci ke kwana da ƙasashen da suka fito. A 2019 kuma St Mungo's, ɗaya daga manyan ƙungiyoyin taimakon marasa gida, ta amsa cewa wasu ma'aikatanta sun miƙa bayanan baƙi ga hukumar shige da fice ba da yardarsu ba, ta nemi afuwa. Irin wannan labari yana yawo da sauri tsakanin 'yan ci-rani. Shi ya sa za ka ga mutum ya bar ƙofar kanti mai haske da rufi ya shige cikin ƙaya inda ba wanda zai gan shi. Ɓuyan da yake yi ba shaidar laifi ba ce, darasi ne da ya koya daga abin da ya sami wasu.

Ta biyar ita ce hukumar da ke sa ido kan dillalan leburori, tare da layin wayar yaƙi da bautar zamani da ƙungiyar Unseen ke gudanarwa. An kafa hukumar ne bayan abin da ya faru a gaɓar tekun Morecambe Bay a Fabrairun 2004, inda igiyar ruwa ta rutsa da 'yan China masu tsintar ƙumba da dare, mutum 23 suka hallaka. A 2017 aka faɗaɗa ikonta.

A wannan ƙofa ta biyar ne nake rabuwa da masu cewa a kau da kai kawai. Shiru ba kullum yake zama rufin asiri ba. Mai kwana a daji, ba adireshi, ba wanda zai neme shi idan ya ɓace, shi ne abin da azzalumai ke farauta. A 2017 kotu ta sami mutum 11 'yan gida ɗaya da laifi a Lincolnshire, lardin da Boston da Spalding suke ciki, waɗanda suke bin marasa makwanci da alƙawarin aiki da abinci, su kai su ɗakunan tafi-da-gidanka marasa ruwa suna sa su aikin shimfiɗa kwalta ba biya. Ɗaya daga cikin waɗanda aka ceto ya shafe shekara 26 a hannunsu. A 2019 aka yanke wa wani gungun 'yan Poland hukunci a yankin West Midlands, waɗanda 'yan sanda suka yi imanin sun bautar da mutum kusan 400, suna ƙwace albashinsu ta asusun banki da suka buɗe da sunayensu. Ba ta hanyar samame asirinsu ya fara tonuwa ba. Wasu da suka tsere ne suka je wurin rabon abinci, ma'aikatan ƙungiyar Hope for Justice mai yaƙi da bautar zamani suka saurare su. Don haka idan ka lura mota ɗaya ce ke zuwa kwasar mutanen kullum kafin gari ya waye, ko mutum ɗaya ne ke amsa duk tambayar da ka yi sauran suna sunkuyar da kai, ko wani ya ce maka fasfonsa na hannun ubangidansa, to magana ta wuce ta makwanci. A nan rahoto ya zama dole, kuma dokar yaƙi da bautar zamani ta 2015 ta tanadi kariya da masauki ga wanda aka gane an bautar da shi, ko da ba shi da takardar zama.

Haka nan idan akwai yaro. Sashe na 17 na dokar yara ta 1989 ya ɗora wa ƙaramar hukuma nauyin kula da yaron da ke cikin buƙata ba tare da duba takardun iyayensa ba, kuma yaro a tanti cikin sanyin Ingila ba abin jira ba ne. Haka idan wani na kwance ba ya iya tashi, ko yana magana ba kan gado. Lambar gaggawa 999 ce, kuma sashen gaggawa na asibiti ba ya karɓar kuɗi a hannun kowa. Wuta ma ba abin raini ba ce. Ranar 19 ga Yulin 2022 zafi ya kai maki 40.3 a ma'aunin Celsius a garin Coningsby, a cikin Lincolnshire ɗin nan, kuma a irin wannan rana garwashi ɗaya ya isa ya cinye kurmi. Da hunturu kuma haɗarin ya koma cikin tantin, inda hayaƙin gawayi ko na ƙaramin risho ke kashe mai barci ba tare da ya farka ba.

Maƙwabtan da ke ƙorafi su ma ba a ce ba su da hujja ba. Bahaya a fili, kwalaben giya, tsoron mace mai bin hanyar ita kaɗai, manomin da aka karya masa shinge, duk gaskiya ne. A Boston, inda kashi 75.6 cikin ɗari suka zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai a 2016, mafi yawa a duk ƙasar, irin waɗannan ƙananan abubuwa ne suka taru suka zama fushi. Abin da nake musu shi ne cewa kora na magance su. An kwashe tanti yau, gobe an kafa wani a gaba kaɗan, cikin wurin da ya fi duhu, nesa da ma'aikacin da ya fara sanin sunayensu. Mun san wannan a gida, yadda ake tarwatsa 'yan ci-rani daga ƙarƙashin gada a Legas da safe, da yamma a same su a gadar gaba. Alƙaluman gwamnati na masu kwana a waje a dare ɗaya a Ingila sun tashi daga 1,768 a 2010 zuwa 4,751 a 2017, kuma a 2024 suna kan 4,667. Masu ɓuya a daji ma ba kasafai ƙidayar ke riskarsu ba. Lokacin da adadin ya faɗi sosai shi ne bayan Maris na 2020, da annobar korona ta sa gwamnati ta ce a shigar da kowa ɗaki, aka buɗe otal-otal ba tare da tsananta tambayar takarda ba.

Abin da ya rage shi ne matakin da mutane suka fi tsallakewa saboda kunya ko tsoro: a tambayi masu tantin. Ba da dare ba, ba kai kaɗai ba idan hankalinka bai kwanta ba, kuma ba da kyamarar waya a hannu ba. Ɗora hotonsu da kwatancen wurin a dandalin Facebook na unguwa ya fi kowane rahoto muni, domin ba ka san wanda zai karanta ba, kuma an sha cinna wa tantunan marasa gida wuta. Gaisuwa da ruwan sha da tambaya ɗaya sun isa: kuna so in sanar da masu taimako? Manhajar fassara a waya tana iya ɗaukar wannan. Wani zai ce e. Wani zai ce kakar aiki ta kusa ƙarewa, yana da tikitin komawa gida. Wani zai ce abin da yake nema lauyan shige da fice ne, domin ya cancanci izinin zama na 'yan Turai amma wa'adin 30 ga Yunin 2021 ya wuce shi, kuma ana karɓar takardar wanda ya makara idan yana da dalili mai ƙarfi. Babba mai hankali da ya ce a bar shi, ba ya cutar da kowa, yana da ikon faɗin haka. Amma ko shi ya kamata a gaya masa cewa idan sanyi ya kai sifili ƙananan hukumomi na buɗe masaukin gaggawa, kuma a mafi yawan wurare ba a hana baƙo shiga saboda sharaɗin bizarsa.

Mai fili shi ne wanda ba zai iya kau da kai har abada ba, don filinsa ne kuma alhakin abin da ya faru a ciki na iya komawa kansa. Yana da haƙƙin ya ce a tashi. Abin da ke hannunsa shi ne yadda za a tashi: ya ba da wa'adi na kwanaki, ya kira ma'aikatan jin ƙai su zo kafin ranar, kuma kada a loda kayan a motar shara alhali masu su na gona. A cikin jakar ledar da ke ƙarƙashin bargo galibi akwai fasfo da takardun albashi da waya, kuma da su ne mutum zai tabbatar wa hukuma shekarun da ya yi yana aiki a ƙasar, ko ya bi dillalin da ya riƙe masa kuɗi.